Ranar da Malam Ya Rera Waƙa

Yabo da ɗaukaka su tabbata ga Allah Uba, wanda bai taɓa barin wani zamani ba tare da amintattun bayinsa ba, da Ɗansa Yesu Almasihu Mai Cetonmu, da Ruhu Mai Tsarki mai ta'azantar da masu karyayyar zuciya. Bayan haka, nufina in rubuta abin da na gani da idona, na kuma ji da kunnena, game da malaminmu, dattijo mai daraja, masani mai zurfin fahimta, mai taƙawa da tawali'u, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana koyar da Maganar Allah. Ya karance ta a harsunan da aka fara rubuta ta da su, amma idan ya zauna yana bayani a ɗan ɗakin nan na bayan majami'a, inda benci shida ne da allo ɗaya, sai tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta koma gida ta maimaita wa jikokinta darasin ba tare da ta zubar da komai ba. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mutum murya ba, ban taɓa ganin ya katse mai tambaya ba, kuma idan aka tambaye shi abin da bai sani ba, yakan ce bai sani ba, fuskarsa a sake. Ya hana a ambaci sunansa a irin wannan rubutu, don haka zan kira shi da abin da dukanmu muke kiransa, wato Malam. Allah ya ƙara masa lafiya da albarka.

Ya kamata mai karatu ya san irin matar da take ba shi wannan labari. Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, shekara ashirin da shida ina koya wa yara kada su rubuta abin da ba su auna ba. A majami'a ba na cikin masu ɗaga hannu, ba na cikin masu hawaye, kuma idan wani ya tashi yana ba da shaidar wata mu'ujiza, nakan sami kaina ina lissafa tambayoyin da ya kamata a yi masa. Saboda wannan hali ne maigidana ya laƙaba mini suna Mai Hujja tun farkon aurenmu, har yaranmu suka tashi suna tsammanin sunana ke nan. Abin da zan faɗa ya faru shekara uku da suka wuce, kuma na jinkirta rubuta shi da gangan, domin in ga ko zai canza a raina idan ɗoki ya kwanta. Bai canza ba.

Shi maigidana makanike ne, kuma duk wanda ya taɓa kai masa mota ya san da kunne yake aiki. Kafin mai mota ya kashe inji ya fito ya fara kame-kame, ya riga ya gaya masa abin da yake damunta. Wannan kunnen ne ya kai shi shugabancin mawaƙan ikilisiyarmu, ya riƙe shekara talatin, kuma a cikin mutum arba'in suna rera waƙa yana iya nuna wadda ta kauce da ɗan yatsa, ba tare da ya waiwaya ba. Mutum ne mai barkwanci da son jama'a, amma kuskure a waƙa yana masa zafi kamar an taka masa ƙafa.

To, a nan ne zan faɗi abu ɗaya da Allah cikin hikimarsa bai ba Malam ba, kuma da izininsa nake faɗa. Bai ba shi murya ba. Wata Lahadi, shekara goma sha tara kafin abin da zan ba da labari, aka sayo sabuwar lasifika, wanda ya haɗa ta kuma ya manta ya bar makirufo a kunne kusa da kujerar Malam. Da aka ɗauki waƙar buɗewa sai ga muryarsa ta cika majami'a, tana hawa inda ake sauka, tana sauka inda ake hawa, har matan layin gaba suka rikice suka bi shi. Ana tashi maigidana ya same shi a bakin ƙofa, ni kuma ina bayansa ina jan rigarsa.

Ya ce, "Malam, don girman Allah, wa'azi naka ne, addu'a taka ce, amma waƙar nan ka bar mana. Ka riƙa motsa baki kawai. Ai Allah yana jin zuciya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam kuwa ya dube shi, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Kai ne shugaban mawaƙa. Na ji."

Kuma ya ji ɗin. Shekara goma sha tara wannan bawan Allah, wanda manyan fastoci suke zuwa ɗaukar karatu a gabansa, yana tsaye kowace Lahadi da littafin waƙa a hannu, leɓɓansa suna motsi, ba sauti ko kaɗan, domin makanike ya ce ya yi shiru. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa a rubuta.

Akwai kuma wata waƙa da maigidana ya tsara da kansa tun yana matashi, wadda ikilisiyarmu take ƙauna ƙwarai, kowa ya haddace baitocinta uku. Abin da ba wanda ya sani, sai ni da shi, shi ne tun asali baiti huɗu ya nufa. Na huɗun zai yi magana ne a kan ɗaukakar Allah, yadda take sauka ta cika wurin da mutum yake. Ya rubuta layin farko a bayan wani tsohon littafin waƙa, ya tsaya nan. Shekara ashirin da biyu ina tsokanarsa a kan baitin nan, yana ce mini, "Ke da kike neman hujja, ya za ki sa ni in sa mutum arba'in su rera abin da ban gani ba? Na ji labarinta dai. Ran da na gani, zan ƙarasa."

Wata Talata da safe yana sunkuye a kan injin wata mota a gareji, sai sifana ta faɗi daga hannunsa, shi ma ya bi ta. Hawan jini ne ya buge shi. Sati uku muka yi a asibiti, aka sallamo mu da ɓarin jikinsa na dama a shanye, maganarsa kuma ta tafi gaba ɗaya. Yana gane duk abin da aka ce, idonsa yana bin kowa, amma idan ya buɗe baki ba abin da yake fita sai "ta, ta, ta". Muka sauko da gadonsa falo, kusa da taga, daura da ɗan fiyanonsa na kiɗa da na lulluɓe da zane. Likitar da take koya wa irinsu magana, wata mata mai haƙuri, tana zuwa sau biyu a sati da katuna masu hotuna, ga kofi, ga ƙofa, ga kaza, tana cewa ya faɗa. Ta keɓe ni ta gaya mini gaskiya, cewa watanni shida na farko su ne masu muhimmanci, idan suka wuce babu kalma ko ɗaya, to kada in sa rai da yawa.

Yayarsa ta tattaro kayanta ta dawo gidanmu don ta taimaka, kuma ta taimaka, Allah ya saka mata. Mace ce mai ƙarfin hali da ƙarfin murya, wadda har yau, bayan shekara ashirin da takwas da aurena, Amarya take ce mini. Ta yi ta kawo masu addu'a rukuni-rukuni, suna kewaye gadon suna tsawata wa ciwon har gilashin taga yana rawa, shi kuwa sai ya ja mayafi da hannun hagu ya rufe kansa.

Takan ce mini, "Amarya, ke ce matsalar. Ana addu'a kina duba agogo. Komai sai kin sa a sikeli!"

Nakan ce, "Yaya, lokacin maganinsa nake dubawa."

"To, kin ji ko? Da bakinki kika faɗa."

Malam ma yana zuwa kowane sati, amma zama kawai yake yi a gefen gadon, ya riƙe hannun da ya shanye, ya yi gajeriyar addu'a, ya tafi. Yaya tana ganin girmansa, amma na taɓa jin tana gunaguni a kicin cewa addu'ar Malam ba ta kai a dafa ƙwai ba.

A wata na biyar maigidana ya sare. Ranar da likitar ta nuna masa hoton kofi a karo na ba adadi, ya share katunan duka da hannun hagu suka watse a ƙasa, ya juya fuskarsa ga bango, ya ƙi juyowa. Ya daina yarda a motsa masa ƙafa, abinci sai cokali biyu. Abu ɗaya kawai ya nema: ya nuna fiyanon da yatsa, ya nuna ƙofa, ya yi ta maimaitawa har na gane so yake a fitar da fiyanon daga gidan. Na yi magana da wanda ya gaje shi a shugabancin mawaƙa, muka sa ranar Asabar zai zo da mota ya ɗauka. Na san sarai idan fiyanon nan ya fita, mutumin da na aura ya fita ke nan, ko da jikinsa yana kan gado, kuma ba zan sake jin an kira ni Mai Hujja ba.

Ranar Laraba bayan darasi na tsaya har kowa ya watse. Malam yana share allo da kansa, kamar yadda ya saba. Na gaya masa maganar fiyanon, na gaya masa sati huɗu suka rage a cikin watanni shidan likita, daga nan kuma na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na ce, "Malam, wata biyar ina addu'a, ji nake kamar da silin nake magana. Ban ce Allah ba ya nan ba. Amma a falon nan namu ban same shi ba."

Ya ajiye tsumman, ya ce, "Yana nan, 'yata."

Kafin in kama bakina sai na ji na ce, "Ina hujja?"

Bai yi fushi ba, dariya ma ya yi a hankali. Ya ce, "Gobe da ƙarfe huɗu zan zo. Ki tanadi takarda da biro."

Na ɗauka wasu ayoyi zai ba ni in rubuta in riƙa karantawa, don haka na yanko takarda daga littafin darasina, na gwada biro biyu, na zaɓi wanda ya fi rubutu.

Alhamis da ƙarfe huɗu daidai ya yi sallama, da lemarsa a hammata. Kwana tara ke nan maigidana yana fuskantar bango. Yaya ta kawo shayi ta ajiye a kan tebur kusa da kwalaben magani, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Malam, mu kama hannu ne mu tsawata?"

Ya ce, "Zauna, 'yar'uwa." Ya dube ni. "Takardar fa?"

Na nuna masa. Ya jawo kujera kusa da gadon, ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ubangiji, mun san kana nan. Ka buɗe mana ido." Iyakar addu'ar ke nan. Na ga Yaya ta buɗe ido ɗaya tana jiran saura. Sai Malam ya yi gyaran murya, ya yi magana da bayan maigidana.

Ya ce, "Shugaba, ka gafarce ni. Yau zan karya dokarka."

Ya ɗauki waƙar maigidana.

Na yi alkawarin faɗin gaskiya, don haka dole in ce shekara goma sha tara na shiru ba su gyara muryar nan ba ko kaɗan, sai ma abin da ya ƙaru. Kalmomin daidai suke, bai zubar da ko ɗaya ba, amma karin waƙar ya kama wata hanya da ba wanda ya taɓa bi. Yaya ta cusa gefen ɗankwalinta a baki. Karen maƙwabta ya amsa daga bayan katanga. Ni kuwa idona yana kan kafaɗar maigidana, sai na ga ta motsa, kamar ta wanda sauro ya ciza. Malam ya ci gaba, idonsa a rufe, da dukan zuciyarsa. Hannun hagun maigidana ya daki katifa sau ɗaya, ya sake daka, sannan mutumin da ya ƙi juyowa don abinci, ya ƙi juyowa don ni, ya kama ƙarfen gado ya mirgino da kansa, idonsa jajir, yana cewa, "Ta! Ta! Ta!"

Malam bai tsaya ba. Ya koma farkon baitin, ya iso wurin da waƙar take hawa sama, wurin da maigidana ya fi shekara ashirin yana horar da mawaƙa a kai, sai ya gangara ƙasa da ita kamar mota ta tsinke birki.

A nan ne maigidana ya buɗe baki ya rera:

"Hannuna da baƙin mai, ya Ubangijina,
Ka kama shi haka nan, ba ka ce in wanke ba."

Muryar a shaƙe take, tana karkarwa kamar injin da ya daɗe a ajiye, amma kowace kalma ta fita, kuma ta hau daidai inda ya kamata ta hau. Yaya ta dafe ƙirji. Malam ya buɗe ido, ya karkata kai kamar ɗalibi, ya ce, "Au, haka ne? Sake mini, ban kama ba."

Ya sake masa. Malam ya gwada, ya sake ɓatawa. Maigidana ya girgiza kai da takaici, ya ɗaga yatsan hagu kamar yadda yake yi a gaban mawaƙa, ya ɗauko baitin daga farko har ƙarshe, ya zarce na biyu, ya zarce na uku. Da na waiwaya sai na ga Malam ya koma tsohuwar al'adarsa, leɓɓansa suna motsi, ba sauti.

Baiti na uku ya ƙare, aka yi shiru. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu, kuma shi ne na fi jin tsoron in ƙara masa ko in rage. Hasken taga bai canza ba, na duba. Agogon bango yana tafiya, ana jin motoci a titi. Ban ga wani abu da za a iya ɗauka a hoto ba. Amma falon ya cika. Kamar yadda mutum yakan ji a jikinsa cewa wani babba ya shigo ɗaki tun kafin ya waiwaya, har ya miƙe ba tare da an ce ya miƙe ba, haka na ji, sai dai wannan ya fi duk wani babba da na taɓa tsayawa a gabansa, kuma ban ji ya shigo ba, na gane ne kawai cewa tun da yana nan. Akwai nauyi a cikin abin, har numfashi sai a hankali, amma ba nauyin tsoro ba ne. Murna ce take taso mini daga ciki, irin wadda na manta da ita tun ina yarinya. Na dubi kwalaben magani, da kofunan shayi, da zanen da ya lulluɓe fiyano, da tsohon tabon baƙin mai a gefen farcen maigidana wanda wata biyar na wanka bai fitar ba, sai na ga kowane abu kamar yanzu aka gama yinsa aka ajiye, kuma wanda ya yi shi yana kallonsa da ƙauna. Na sami kaina a durƙushe a kan siminti, ban san lokacin da na sauka daga kujera ba. Yaya, wadda ko a barci takan yi magana, tana zaune hannuwanta a buɗe a kan cinya, hawaye yana zuba, ba ta ce uffan ba. Fuskar Malam kuwa irin ta mutumin da yake zaune da tsohon amininsa ce.

Can sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. "'Yata, biro."

Na lalubo shi. Maigidana yana kwance rigingine, idonsa a buɗe, sai ya ɗauki karin waƙar a karo na huɗu:

"Ran da ɗaukakarka ta cika ɗakina,
Ba daga waje ta zo ba, tana nan gefena.
Ni ne na ba ka baya, na dubi bangona,
Kai kuwa kana zaune, Uba, kana jirana."

Layin farko na san shi, shi ne na bayan tsohon littafin. Sauran ukun ba wanda ya taɓa jin su a duniya. Na rubuta su a kan gwiwata, kuma takardar tana nan a ajiye. Duk wanda ya san rubutuna a allo ba zai yarda ni na yi shi ba.

Da muka dawo hayyacinmu na dubi agogo, domin hali ba ya barin mutum. Da an tambaye ni, da na rantse shirun nan bai wuce minti biyu ba, amma biyar saura minti biyar na gani, shayin kuma ya huce sarai. Maigidana ya juyo da kai ya dube ni a durƙushe da takarda a hannu. Bakinsa ya yi ta kokawa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, sannan, ba da waƙa ba, da magana, kalma ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Mai... Hujja. Kin... rubuta?"

Na ce, "Na rubuta, Baban yara."

Ya juya ga Malam, ya daɗe yana tattaro kalmomi, mu duka mun ƙura masa ido muna jiran wata babbar magana ta godiya. Ya ce, "Malam. Muryarka. Har... yanzu."

Yaya ce ta fara fashewa da dariya, da hawaye da majina, har tana dukan cinya. Ta ce, "Kai dai ba ka da kunya! Mutum ya buɗe maka baki, abin da za ka fara yi da shi ke nan?" Ta juya ga Malam. "Amma Malam, tsakaninka da Allah, da gangan ka ɓata waƙar nan ko? Dabara ce?"

Ya ce, "A'a, 'yar'uwa. Iyakar ƙoƙarina ke nan."

Maigidana ya yi dariya da rabin fuskarsa har tari ya kama shi, a ranar kuma ya cinye abincinsa tas.

Da na raka Malam bakin ƙofa na tambaye shi wa ya gaya masa akwai baiti na huɗu, domin ni ban faɗa ba, mai shi kuma ba shi da bakin faɗa. Ya ce bai san da wani baiti ba. Na ce to me ya sa ya ce in tanadi takarda. Ya buɗe lemarsa, ya ce, "Ni ɗan aike ne, 'yata. Ba a buɗe mini wasiƙar ba."

Ban bar maganar nan ba tare da bincike ba. Da likitar ta zo na kwashe komai na gaya mata, ta yi murna ƙwarai, ta kuma bayyana mini cewa an san wannan a aikinsu: waƙa da magana ba wuri ɗaya suke zaune a ƙwaƙwalwa ba, sau da yawa wanda ya kasa magana yana iya rera abin da ya haddace tun da. Na yarda da ita, na ma karanta a kai daga baya, haka ne. Sai na miƙa mata takardar, na ce wannan fa, layi uku sababbi, da ma'ana da amsa-amo, daga bakin mutumin da ya kasa cewa kofi? Ta karanta sau biyu, ta miƙo mini, ta ce, "Malama, wannan kuma ba sashena ba ne." Da na kai wa Malam bayanin likitar, ina ɗan fargabar kada ya ji an rage wa abin daraja, sai ya ji daɗinsa sosai, ya sa na maimaita masa. Ya ce, "Madalla. Wanda ya gina gidan ya san duk ƙofofinsa."

Ranar Asabar sabon shugaban mawaƙa ya iso da mota da igiya. Yana sa hannu a kan fiyanon, maigidana ya ce daga kan gado, "Bar... shi." Bawan Allah ya saki igiyar, ya fita waje, ya zauna a kan dakali yana kuka.

Ba zan ce maigidana ya warke sarai ba, domin ba haka ba ne. Har yau yana jan ƙafar dama, hannun bai koma riƙe sifana ba, maganarsa kuma a hankali take fita, idan ya gaji takan maƙale. Ya koma kan katunan likita washegarin ranar waƙar, ya yi wata tara yana fama da su. Amma yana zuwa gareji ya zauna a kujera, a tayar da inji, ya saurara, ya faɗa musu inda za su kwance. Yana kuma yi mini gardama a kan komai kamar da.

Lahadin da ya fara komawa majami'a, da sanda, ya koya wa mawaƙa baiti na huɗu. Kafin a ɗauka ya nemi makirufo, ya juya wajen kujerar Malam, ya ce a gaban kowa ya janye dokarsa, daga yau Malam ya rera da ƙarfi. Malam ya ce, "Kai ne shugaba. Na ji." Kuma yana rerawa har yau. Sabon shugaban ya roƙi a matsar da kujerarsa nesa da lasifika kaɗan, an kuma matsar. Nakan saci kallon maigidana idan an iso wurin hawan nan, in ga ya runtse ido ɗaya, ya damƙe sandarsa. Ni kuma, da ba na ɗaga hannu, idan aka zo baiti na huɗu nakan ɗaga ɗaya, ba sama sosai ba. Yaya ta gani, ta kuma tabbatar kowa ya sani.

Wannan shi ne abin da na shaida game da malaminmu mai daraja, bawan Allah mai haƙuri, wanda ya yi shiru shekara goma sha tara don biyayya, ya kuma buɗe baki rana ɗaya don biyayya. Ɗaukakar ba tasa ba ce, shi ne ma farkon mai faɗin haka, ta Ubangiji ce da yake zaune tare da mu a falo muna neman sa a silin. Ya Allah, ka ƙara wa Malam tsawon rai da lafiya, ka sa mu amfana da iliminsa da halinsa, ka albarkaci maigidana da Yaya da likitar da ta yi haƙuri da mu. Wanda kuma yake karanta wannan alhali fuskarsa tana ga bango, ka juyo da shi ta hanyar da ka ga dama, ko da ta muryar da ba ta da daɗi ce. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, amin.